Gurbi Uku a Waƙar Gona

Kusan kullum sai wani saurayi ya shigo situdiyon da nake zama a nan Gusau, waya a hannu, ya ce, "Baba Lawali, ina da waƙa, so nika ta hwashe kahin Sallah." In na ce ya rera min ita ba kiɗa, sai ya fara kallon silin. Ku samarin yanzu kun ɗauka waƙa ita ce ka shiga ɗaki mai soso a bango, ka yi 'yar ƙara a makirfo, kwamfuta ta gyara, gobe gari ya san ka. To ku gyara zama in ba ku labarin waƙa guda ɗaya. Kun san ta, wasunku ma tana cikin wayarsu yanzu haka: waƙar nan ta gona da ake cewa ta Bashar. Ni na yi ta, muryata ce a ciki, kuma in kuka fita kuka faɗa ba wanda zai yarda da ku.

Aikina na farko a wannan sana'a ɗaukar ganga ne. Ni mutumin 'Yankuzo ne ta ƙasar Tsafe. Ina saurayi aka yi wata gayya kusa da gonarmu, aka kira wani makaɗin noma daga Bungudu, Baba Mande. Na ga yadda yake ambatar ƙato ɗaya, ƙaton ya kama kuyyar gona yana tafiya kamar ba ƙasa yake yanka ba. Ranar na ajiye fartanya na bi shi. Shekara biyu ban buɗe baki ba. Ni ne ɗaukar ganga, ni ne gasa fatarta a bakin wuta in sanyin damina ya sa ta saki, ni ne neman inda za mu sauka. Sai a shekara ta uku ya bar ni na shiga cikin 'yan amshi, kuma in na makara da rabin numfashi, gular ganga ce za ta sauka a kafaɗata a gaban jama'a. Ku yanzu in aka ce ku maimaita baiti sau biyar sai ku ce an raina ku.

Baba Mande yana da wata ɗabi'a da nake yi wa dariya a ɓoye. Kafin ya yabi kowa, ko da maigari ne a zaune, sai ya fara faɗar sunansa da na garinsu a cikin waƙar, ya sake a tsakiya, ya sake a ƙarshe. Wata rana muna hanyar dawowa na ce masa, "Baba, ai kowa ya san ka, mi na na yawan hwaɗin suna?"

Ya tsaya ya dube ni ya ce, "Kai yaro na. Taro ba zama shika yi ba. Wani baiti guda za shi ji shi tashi. To shi tashi da sunanka, kak ka bari shi tahi da waƙa tsirara."

Na ce to, amma a raina na ɗauka son yabon kai ne irin na tsofaffi.

Ɗaukar waƙa ta farko da na gani a gindin wata bishiya aka yi ta, da rediyo mai kaset a kan turmi. Aka kori kaji, aka ce mata su dakata da daka. Mai rediyon ya danna maɓalli biyu, muka yi waƙa tun daga farko har ƙarshe ba tsayawa. In wani ya yi tari a tsakiya, sai a juya kaset a faro daga farko. A lokacin ma akwai ɓarayin kaset a kasuwa, suna kwafa suna sayarwa ba mu ga ko anini ba. Amma ɓarawon wancan zamani yana da ɗan mutunci, don sai ya kwafi hotonka da sunanka ya manna a bango. Kuɗinka yake ci, sunanka kuma yana kai shi garuruwan da ba ka taɓa zuwa ba.

Daga baya fiyano ya shigo, mutum ɗaya da yatsu goma ya cinye abincin makaɗa biyar. Baba Mande ya rasu, muka watse. Wasu suka koma gona, ni na shigo Gusau na koyi ɗora murya a kan kiɗan fiyano ina dab da shekara arba'in. Na yi waƙoƙin biki, na yi na suna, na yi tallar wani mai maganin basir. Na yi wa wani ɗan takara waƙa mai baiti talatin, wadda har yau ban yi mai daɗin kiɗa kamarta ba. Wata biyu bayan zaɓe ya sauya jam'iyya, waƙar ta zama abin da ba na so a kunna ko a cikin gidana. Waƙar siyasa tumatir ce, ranar da ta nuna za ka sayar, ka karɓi haƙƙinka a hannu kafin ka miƙa. Kada ka taɓa zuba mata baitin da ka fi so.

A nan Gusau na tarar da tsarin barin gurbi, kuma shi ne ya kashe ni, don haka ku saurara da kyau. Mawaƙin da ba shi da ubangida, in ya shiga situdiyo, yakan bar wurare biyu ko uku a cikin waƙar inda kiɗa ke tafiya ba murya. Sai ya ɗauki ɗanyar waƙar ya zaga da ita gidajen masu hali, ya kunna musu. Wanda ta burge ya sa hannu a aljihu, sunansa ne zai shiga gurbin. Sai an gama wannan zagaye ake komawa a cike guraben gaba ɗaya, har da sunan mawaƙin, a rana guda, don kada a shiga situdiyo sau biyu. Kowa haka yake yi, ni ma na bi. Abin da Baba Mande ya gaya min a hanya ko tuna shi ban yi ba.

Waƙar gona ta zo min ne bayan damina biyu ba mu taka gonarmu ba. Gonar tana wani wuri da muke kira Ƙwarin Bagaruwa, kuma tun da 'yan bindiga suka zauna a dajin bayanta ba mai zuwa. In ka tsaya a bayan gari kana hango kan bishiyoyinta. Mahaifina ya rasu yana wannan hange. Wata huɗu ina juya baitocin a baki, ina cire wannan ina sa wancan, har na samu amshin da ya zauna: gona tana kira na, hanya ta hana. Ban rubuta ko harafi ɗaya ba. Haka na ga maigidana yana yi, a ka yake ajiye waƙa, ni ma na ɗauka rubutu na marasa ƙwaƙwalwa ne. Shi ya sa yau in yaro ya ce min baitocinsa suna kansa, ba na dariya, littafi nake sa ya saya.

Ranar ɗauka na je wurin Murtala, wani mai fiyano da ke da ɗan situdiyo a Tudun Wada, ɗaki ɗaya da aka raba da katako. Ba wuta, sai janareto da ya kai can bayan gida da doguwar waya don kada ƙararsa ta shiga makirfo. Fanka ma kashe ta ake yi in za ka ɗora murya. Na shiga ɗan akurkin nan da hantsi, na fito bayan azahar, rigata sai da na matse ta. Amma sau biyu kawai na rera, don na zo da waƙata a dafe. Wannan ma ku riƙe: a gida ake koyon waƙa, ba a gaban makirfo ba, mai situdiyo man fetur yake ƙonawa yana jiran ku. Ban ɗauki 'yan amshi ba. Ni na yi amshin da kaina sau uku, Murtala ya jera su kamar mutum uku ne. Na bar gurbi uku, ɗaya bayan baitin farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe.

Da muka zauna sauraro sai Murtala ya ce, "Baba, muryarka ta yi kauri, ga kuma 'yar shaƙewa. Yaran yanzu ba su sauraren irin wagga. Bari in wanke maka ita."

Na ce, "Wankin mi? Tuhwa ta?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai dai tsaya ka gani."

Ya yi ta danne-danne, ya sirantar da ita, ya goge duk wani kaushi, ya sa mata wannan rawar da kuke so. Da ya kunna sai na ji wani saurayi mai murya kamar sarewa yana rera baitocina. Gaskiyar Allah, daɗi na ji. Mai furfura ya ji kansa ya koma ɗan ashirin, wa zai ƙi? Na ce ya bar ta haka. Ya tura min ita a memori, wannan ɗan katin da ake sa wa a waya. Ban ce ya ba ni uwar aikin ba, wato waƙar a warwatse, murya daban, kiɗa daban, amshi daban, da asalin muryata kafin wanki. Ta zauna a kwamfutarsa, ni na fita da haɗaɗɗiyar kawai ina murmushi.

Akwai abin da na iya tun da daɗewa, kuma har gobe shawara ce mai kyau: kada ka yarda da sifikar situdiyo, maƙaryaciya ce, komai ta kunna daɗi yake. Ka ji waƙarka a ƙaramar waya mai tsagaggiyar sifika, ka ji ta a motar haya, don a nan mutanenka za su ji ta. Sai dai ka shiga motar da kanka, ka sauka da memorinka a aljihu. Ni ban yi haka ba. Ina da aboki direba, Sanusi, mai jigila tsakanin Gusau da Tsafe. Na ba shi na ce ya kunna wa fasinja ya ji abin da za su ce. Da yamma na same shi a tasha yana goge gilashi.

Ya ce, "Lawali, wagga ba irin waɗanda ka saba ba ta. Tun daga hita gari ba wanda yay yi magana cikin mota. Sai wata tsohuwa, sau ukku tana cewa in maido. Bar mani ita kwana biyu."

Na bar masa, kaina ya kumbura. Washegari ya kai memorin wurin mai turawa a bakin tasha don a ƙara masa wa'azi. Ku da kuka taso da intanet kuna raina masu turawa, waɗannan masu kwamfuta a kan tebur da ke zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai a waya. To su ne gidan rediyonku na gaskiya. Manomin Mada da mai awo a 'Yandoto ba shafinku suke bi ba, wurin mai turawa suke zuwa ranar kasuwa su ce a sa musu sababbi. Kuma al'adar mai turawa ce duk memorin da ya shiga kwamfutarsa sai ya kwashe abin da ke ciki. Ba mugunta ba ce a wurinsa, haja yake tarawa. Waƙata ta shiga hajarsa ba suna, ya rubuta mata "Sabuwa ta gona".

Ba a yi mako biyu ba aka rufe layukan waya a jihar nan saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin ƙauye, aka hana sayar da mai a jarka. Kun tuna shekarar, ba sai na ba ku labari ba. A sana'armu dai komai ya tsaya cak. Ba biki, in ma an yi, ɗaurin aure ne a watse. Alhazan da na yi niyyar zagayawa da waƙar kowa ta kansa yake yi. Murtala ba shi da man janareto, ya ja ƙofa ya rufe, daga baya ya sayar da kwamfutar ya tafi kudu neman abinci. Ni kuma na ari baro na koma sayar da rake a bakin tasha.

A wannan zaman ne waƙar ta kama gari. Waya ta zama ba kira ba saƙo, sai abin da ke cikinta, don haka layi ake yi a gaban masu turawa. Ina fere rake sai in ji ta a wurin mai shayi, in ji ta a keke napep, in ji ta a aljihun wani ɗan gudun hijira da ke zaune a gindin katanga. In kiɗan ya zo gurbi sai ya yi ta tafiya shi kaɗai, ni kuma in ce a raina, nan sunana zai zauna. Wawa ni, murna nake yi. Na gaya wa na kusa da ni tawa ce, wasu suka ce madalla, wasu suka dubi baron rake suka kau da kai. Na ce ba komai, layi ya dawo, a samu mai, in nemi wani situdiyo in cike gurabena.

Wani ya riga ni. Bashar yaro ne ɗan cikin gari, kyakkyawa, mai iya sa kaya, sana'arsa mamin a wurin biki, wato a kunna waƙar wani shi ya riƙe makirfo yana motsa baki. A lokacin mutane kan tsallaka zuwa jihar maƙwabta don su yi waya. Shi da ya tsallaka, situdiyo ya nufa da waƙata. Bai taɓa muryar ba, bai taɓa kiɗan ba. Sanƙira ya ɗauka, irin masu kirarin nan da ke ratsa waƙa da tasu murya daban, ya sa shi ya cike guraben nan uku: Bashar ke magana, na gidan Alhaji wane, wani dillalin hatsi. Kowa ya saba jin sanƙira da murya dabam, don haka ba abin da ya yi wa kunne banbaraƙwai. Ya je gonar wani ya yi bidiyo da sabuwar fartanya ko ƙasa ba ta taɓa ba, yana share hawaye. Ya sa a intanet tun muna nan a rufe.

Ranar da layi ya dawo, abin da ya fara faɗowa wayoyin mutane ke nan. Mai turawar bakin tasha da kansa ya kira ni ya ce, "Baba mai rake, zo ka gani. Ashe mai waƙag ga ya bayyana."

Na tsaya na kalla har ƙarshe. Na ce, "Ina wadda ba ta da suna?"

Ya ce, "Na goge ta. Wa ka son marar hoto ga mai hoto?"

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, har yau bai sake ni ba.

Na nemi Bashar na same shi a wani shagon aski. Ya fito da ni waje, ya rusuna ya gaishe ni, don yaro ne mai ladabi, wannan kam ba zan hana masa ba. Na ce, "Ka san abin da yak kawo ni."

Ya ce, "Na sani, Baba. Amma ni tsintuwa niy yi. Wata ukku tana yawo cikin gari ba uba ba uwa. Kai kab bar ɗaki buɗe har ukku. In ban shiga ba wani na shiga."

"To yanzu ka san mai ɗakin. Hito ka hwaɗa ma jama'a."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wanga kam ba shi yiwuwa. Alhaji ya sai mani mashin, an kira ni biki har Kaduna. In nic ce ba tawa ba ta, na mutu." Ya zaro ambulan daga aljihu ya miƙo da hannu biyu. Na bar shi da hannunsa a miƙe na tafi.

Na kai ƙara wurin dattawan sana'armu. Mutum uku suka zauna a wata rumfa bayan la'asar, samari suka kewaye mu. A gabansu Bashar ya rantse tasa ce, bai ko ƙifta ido ba. Babban cikinsu ya tambaye ni uwar aikin. Na ce tana kwamfutar Murtala, wanda ya saye ta a hannunsa kuma ya goge komai. Aka kira Murtala a waya, ya ce shi yana nesa, waƙoƙin da ya yi ba su ƙirguwa, kada a sa shi cikin rigima. Aka tambaye ni littafin da na rubuta baitocin. Babu. Sanusi ya tashi ya ce ni na ba shi memorin da hannuna. Bashar ya ce kowa na iya ba direba waƙa, ba shi ke nuna shi ya yi ta ba. Na ce a tambaye shi ina ne Ƙwarin Bagaruwa da ke cikin baiti na huɗu. Ya ce ƙasar Tsafe, wani ɗan gudun hijira ya ba shi labarin wurin. Ashe ya yi bincikensa, ya fi ni shiri.

Sai babban ya ce, "To abu guda yar rage. A kunna waƙa, kowa shi rera, kunne shi raba."

Na ji sanyi a raina, na ce yau gaskiya za ta fito. Aka kunna baitin farko aka kashe. Na tashi na rera da muryar da Allah ya ba ni, mai kauri, mai kaushin shekara talatin na rana da ƙura. Bashar ya tashi ya maƙale tasa siririya ta hanci, wadda ya yi wata da watanni yana gogawa a kan waƙar. Ko ni da ke tsaye na ji wadda ta fi kama da abin da ke cikin sifika, kuma ba tawa ba ce. Wani daga bayan taro ya ce, "Haba Baba," samari suka fashe da dariya. Dattawa suka haɗa kai suka ce Allah ne masanin gaskiya, kowa a cikinmu yana iya rera ta a wurin biki, kada wanda ya hana wani.

Da aka watse babban ya riƙe hannuna ya ce a hankali, "Lawali, na san taka ta. Ɗinkin baitin na gidan Mande na, kurma ma ya jiya. Amma da mi za mu kama shi? Kai ba ka bar muna komi ba."

Shi ya sa kuke gani ina takura muku, har kuna ce min tsoho mai mita. Yaron da ya shigo nan ba ya ɗora baiti na biyu sai ya faɗi sunansa a na farko, da bakinsa, a cikin karin waƙar yadda ba mai iya yanke shi sai ya ɓata kiɗan. In kana son ka bar wa Alhaji gurbi, bar masa, amma ɗanyar waƙa ba ta kwana a wayar kowa, ko da uwa ɗaya ta haife ku. Ka kunna masa a taka, ka mayar aljihu. Ranar da ka gama aiki ka zo da filashinka ko memorinka, a zuba maka uwar aikin ka kai gida ka ba matarka ta ɓoye. Ka rubuta baitocinka, ka sa mutum biyu su sa hannu. Ka ɗauki kanka a waya kana rerawa a gaban makirfo, ko da hoton bai yi kyau ba. In an gama, kai za ka kai wa masu turawa da ƙafarka, da sunanka da hotonka a jiki, ka gaishe su da mutunci, ka saya musu lemo, duk a rana ɗaya kafin ta fita ta wata hanya. Wankin murya kuma a yi shi kaɗan. In mahaifiyarka ta ji ba ta gane ka ba, a mayar da ita yadda take.

Kuna jin wannan kuna gyaɗa kai, na sani, gobe kuma wani zai tura wa budurwarsa ɗanyar waƙa don ta yaba masa.

Bayan hukuncin dattawa na ce tunda an ba ni izinin rera abina, zan rera. Da kaka aka kira ni wani bikin suna a Mada, irin ƙananan bukukuwan da suka rage mana, don manyan Bashar ake kira. Da rana ne, a ƙofar gida, manoma zalla, rabinsu waɗanda aka taso daga ƙauyukansu. Na samu wani mai ganga na gaske, na ce ya bi ni a hankali. Na ɗora waƙar gona da muryata, ba fiyano ba wanki, na faɗi sunana da na 'Yankuzo a duk guraben nan uku. Na ga maza suna kallon ƙasa, na ce a raina yau dai ta dawo gida.

Ina sauke baitin ƙarshe sai wani tsoho ya taso daga kan tabarma yana dogara sanda. Ya girme ni nesa, hannunsa duk kanta. Ya zo ya cusa min wata tsohuwar takardar kuɗi a aljihu, ya kama hannuna ya ja ni gefe don kada ya kunyata ni a gaban mutane.

Ya ce, "Malam, ka iya, Allah shi yi albarka. Ni ma gonata na can, shekara ukku ban gan ta ba. In abin ya ishe ni, waƙag ga nika sa jikana shi kunna mani. Yaron nan Bashar ya san ciwonmu, kullum ina yi mai addu'a." Ya ɗan matse hannuna. "Amma na ji kana sa sunanka ciki. Kai babba na, ga hurhura. Ka ji tsoron Allah, kak ka ci gumin yaro. Nemi taka."

Na buɗe baki. Na dubi idonsa, na ga ba faɗa ya zo yi ba, nasiha ce tsakaninsa da Allah, kuma abin da yake riƙe da shi ke nan. Na ce, "To, Baba, na jiya."

Ya ce, "Madalla," ya koma tabarmarsa. Na juya na ce wa mai ganga ya canja kiɗa. Ban sake rera ta ba.